Tsohuwar tibi mai doro ta mutu, a kai ta gyara ko a sayo ta bango?

Tibin ɗakin Hajiyarmu ce ta mutu wata Laraba da daddare ana tsaka da kallon labarai. Irin mai doron nan ce inci 21, wadda in zaka ɗaga ta sai ka yi bismilla ka gyara tsayuwa tukunna, ta girmi autanmu a gidan. Wuta aka ɗauke aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji ɗan tas, hoto ya tafi, sai jar fitilar gaban ce kawai take ƙyaftawa, daga ciki kuma kana jin tik tik tik kamar agogon bango. Kafin gari ya waye gida ya rabu biyu. Yara suka ce dama ta ci zamaninta ta ci na wasu, a kira ɗan gwangwan ya ɗauke ta a haɗa kuɗi a sayo ta bango. Hajiya tace ita tibinta take so, "ku masu kuɗin zubarwa ku je ku saya wa matanku, ni a kai min tawa wajen mai gyara." Toh ni aka ɗora wa aikin, na kuwa sha zirga zirga tsakanin shagon mai gyara da masu tokumbo da masu sabbi a kwali, shi yasa nace bari in rubuta abun da na tattaro ko wani zai huta da yawon.

Mutane suna fara lissafin kuɗi tun basu san me ya mutu ba, kuma nan ake tafka asara. Tibi kowace iri ce kashi biyu ce, akwai gilashin da ke nuna hoto, akwai fanel ɗin da ke ba shi wuta da sigina. In fanel ne ya samu matsala kusan kullum akwai gyara kuma ba wata tsada ba. In gilashin ne ya mutu, ko tiyub ɗin mai doro ko sikirin ɗin ta bango, toh sai dai a yi mata fatan alheri. Duk dogon surutun da zan yi a kan wannan ya hau.

Akwai gwajin da zaka yi a gida ba sai ka kwance ko noti ɗaya ba. Fara da soket da waya, kar ka yi dariya, mai gyaran yace ana yawan kawo masa tibi a adaidaita lafiyarta lau, filogi ne ya ƙone ko ɓera ya ci waya. In wannan lafiya, kunna ta ka kai bayan hannunka kusa da gilashin, in ka ji gashin hannun ya miƙe da ɗan ƙarar shhh to babbar wutar tana zuwa, filaibak, wato ɗan tiransifoman da ke haɗa wannan babbar wutar, yana da rai kenan. Sai ka kashe fitilar ɗaki ka leƙa ta ramukan shan iskan da ke bayanta, can wajen wuyan tiyub zaka hango ɗan ja kamar garwashi, hita ce, in tana ci alama ce mai kyau.

Daga nan sai ka duba irin ciwon. In murya na fita amma hoton ya koma layi ɗaya fari a kwance a tsakiya, ɓangaren da ke buɗe hoto sama da ƙasa ne, ko ayisin batikal, wato ɗan baƙin abun nan mai ƙafafu da yawa da ke wannan aikin, ya ƙone ko dalmar ƙafafunsa ta saki, ƙaramin aiki ne, amma ka kashe ta nan take dan layin nan in ya daɗe yana ƙona gilashin ya bar tabo har abada. Wadda sai an mare ta take kawowa, kowa ya san irinta, akwai gidan da yara ma sun haddace daidai wajen da ake bugu, ita ma dalma ce ta tsattsage saboda zafi da sanyi na shekara da shekaru, a bi ta da ayon a sake narka mata dalma shikenan. In kala ta ɓaci a kusurwa, fuskar mutum ta koma kore ko shuɗi, yawanci maganaɗisu ne, duba ko an jingina mata sifika. Matsar da sifikar ka cire tibin daga soket kamar rabin awa ka sake kunnawa, akwai wata waya da ta zagaye tiyub wadda aikinta kenan ta wanke wannan tabon duk sanda aka kunna daga sanyi, ita ce ke yin dummm ɗin nan da kake ji. In bai tafi ba, ɗan abun da ke sakar mata wuta ne ya mutu, posista suke ce masa, araha ne. Hoto ya tsuke daga gefe ko yana buɗewa yana tsukewa kamar mai numfashi, kafasitoci sun bushe. Ƙarar tsss da wani ƙauri musamman da damina, babbar wuta ce take tsallake daga filaibak ko daga robar da ke manne a jikin tiyub. Irin tik tik ɗin tamu kuma yawanci shot ne, babban transistan da ke tuƙa filaibak ya ƙone, ɓangaren wuta yana ƙoƙarin tashi yana jin shot yana yankewa dan ya kare kansa.

Amma dan Allah iyakarka kallo da saurare. Tiyub ɗin tibi mai kala yana aiki da wajen bolt 25,000, kuma yana riƙe caji ko bayan an cire ta daga soket, akwai kuma babban kafasita a ɓangaren wuta mai riƙe kusan bolt 300. Masu gyara sai sun sauke cajin kafin su sa hannu. Ga shi cikin tiyub ba iska, in ya fashe tarwatsewa yake, gilashinsa kuma akwai dalma a ciki, shi yasa in ta mutu murus kar a bar wa yara ita a bayan gida suna jifa.

Ciwon da ba ya jin magani shi ne tsufan tiyub. Alamarsa sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo kafin hoto ya fito, in ya fito ma dishi dishi, kala ɗaya ta rinjayi sauran, in ka ƙara haske sai ja ya riƙa zuba ta gefen fuskar mutum kamar an shafa da hannu. Wasu masu gyaran zasu murɗa ɗan makunnin da ke jikin filaibak su ƙara haske, ko su ƙara wa hitar wuta sama da bolt 6.3 ɗin da aka yi ta da shi, hoto zai yi kyau a gabanka ka biya ka tafi, bayan ɗan lokaci ya koma gidan jiya har ya fi da lalacewa. Sabon tiyub kuma babu, manyan kamfanoni sun daɗe da rufe wannan layin, Sony ma da ta yi suna da Trinitron tun 1968 ta daina yin sa a 2008. Duk tiyub ɗin da za a sa maka daga wata matacciyar aka ciro. In nan ciwonka yake, kar ka ƙara ko sisi.

Toh hanya ta farko, a gyara fanel ɗinta na asali. Ni ita na fi so in dai tiyub yana da rai, dan tsofaffin fanel ɗin nan kayansu manya ne a sarari, ana ganin kowane ɗaya ana auna shi da mita ana cire shi a sa wani, kuma muryar sifikunsu ba a magana. Matsalar hannun da za a kai wa ce. Na samu wani dattijo da ya fara tun zamanin rediyo mai kaset, ya buɗe ya busa ƙurar hunturun shekaru har da gawar tsaka a ciki, ya ɗora mita yace transista ce. Nace toh Baba a canja mana mu tafi. Yace "yaro in na canja wannan kaɗai kwana uku zaka dawo kace na cuce ka, ita bata mutuwa haka kawai, sai na nemo wanda ya kashe ta." Gaskiyarsa, ko filaibak ne ya fara shot, ko kafasita ya bushe wutar da ya kamata ta tsaya wajen bolt 110 zuwa 130 da wani abu ta haura. Duk mai gyaran da bai yi maka irin wannan maganar ba ka ɗauki kayanka. Ka kuma ce a baka tsofaffin kayan da aka cire a leda, mai gaskiya baya jin haushin wannan. Inda hanyar nan take cijewa shi ne in filaibak ne ya tafi, dan sai an samu mai lamba iri ɗaya ko wanda ƙafafunsa suka dace, ko kuma babban ayisin da ke riƙe komai wanda yanzu samun sa sai an tona tarin matattun tibi.

Nan hanya ta biyu take shigowa, a cire fanel ɗin gaba ɗaya a sa na Chaina wanda ake yi dan ya shiga kowace tibi, akwai na inci 14 zuwa 21, akwai na manya 25 zuwa 29. Yana zuwa da filaibak ɗinsa da tuna mai kamo tasha da sabon rimot, kaga an kashe tsuntsu da yawa, musamman wanda rimot ɗinsa ya ɓata tun tuni. Amma ka sani akwatin ne kawai da tiyub suka rage na tibinka ta da. Murya tana raguwa, wani lokaci hoton baya cika gilashi daidai sai an yi ta saiti, in aka juya wayoyin yok ma, wato naɗin wayar da ke wuyan tiyub, sai ka ga mai karanta labarai kansa a ƙasa ko rubutu ya koma daga dama kamar ajami, gyaran wannan minti biyu ne amma a yi shi a gabanka. Ni a ganina ana zuwa nan ne in fanel na asali ya ƙone da yawa, kamar wanda tsawa ta shigo masa ta eriya, kuma tiyub ɗin har yanzu tas yake.

Hanya ta uku tokumbo, ko Beljiyom kamar yadda ake cewa, wadanda ake saukewa a Alaba ta Legas su watsu har su iso Sabon Gari da sauran kasuwanninmu. Nan sai ka buɗe ido sosai, dan mu duk tibin da ta yi fale fale filasma muke ce mata, alhali kala uku ne. Akwai filasma ta ainihi, nauyi gare ta, gabanta gilashi ne mai kauri, in ta yi awa ɗaya a kunne ka sa hannu a samanta kamar murhu, mai inci 42 tana iya shan wat 200 zuwa 300 ko fiye. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina yin ta zuwa ƙarshen 2014, kenan duk wadda ka gani ta haura shekara goma, kayan gyaranta kuma daga gawa ake cirowa. Hotonta akwai kyau ba ƙarya, amma ni bazan ba mai biyan kuɗin wuta da kati shawarar ta ba. Akwai LCD ta farko mai siraran fitilu dogaye a bayan sikirin, tana da ɗan kauri, sai kuma LED wadda ita ce ta yanzu. Juya bayanta ka karanta takardar da ke manne, nan zaka ga wat nawa take sha da shekarar da aka yi ta da irin wutar da take karɓa. In ka ga 120V kaɗai ta Amurka ce, ka soka ta a wutarmu ta 230 ba tiransifoma ka gama da ita, kuma ko ka sa mata tiransifoman, tunarta bata kama tashoshinmu, wasu ma ƙin karɓar hoton dikodarmu suke. Mai 100 zuwa 240 ita ake nema. Wannan rikicin tsarin ba sabo bane, mutanen bakin boda irin Katsina da Maraɗi sun san shi tun da, Najeriya PAL Nijar SECAM, in tibinka ba malti sistem bace ka kamo tashar ƙetare sai ka ga hoto baƙi da fari.

Kar ka yarda a gwada maka minti biyu da bidiyon waƙa mai kala kala. Ka ce a bar ta a kunne rabin awa kana zaune, a sa farin hoto zalla ka duba ko akwai wajen da ya yi duhu ko ɗigon haske kamar an haska tocila daga ciki ko farin ya koma shuɗi shuɗi, duk alamun fitilun baya sun gaji ne. Siririn layi a tsaye daga sama har ƙasa ko guda ɗaya ne ka bar musu kayansu. A gwada kowane ramin HDMI, a kashe a kunna sau uku.

Wannan ya shafi wanda tsohuwar tasa ma ta bangon ce ta mutu, lissafin ɗaya ne. Murya na fita sikirin baƙi, ɗauki tocilar waya ka manna a gilashin, in ka hango hoto dishi dishi a ciki to fitilun baya ne, ana canja su kuma ya cancanci gyara, sai dai a canja layukan duka ba ƙwaya ɗayan da ta mutu ba dan sauran ma suna hanya. Jar fitila na ƙyaftawa ko sai ta daɗe kafin ta tashi, yawanci kafasitocin fanel ɗin wuta ne suka kumbura. Kala ta dagule kamar nagatif ɗin hoton da, a duba ɗan ƙaramin fanel ɗin da ke tura hoto zuwa sikirin, tikon suke ce masa. Amma yaro ya jefe ta da kofi ta yi zanen gizo gizo da baƙi kamar tawada ta zube, kuɗin sikirin kaɗai ya kusa kuɗin wata tibin.

Ta huɗu sabuwa dal a kwali. Ribarta garanti, da ƙarancin shan wuta, da ramukan zamani, filash da HDMI har da mai intanet. Aibinta bata da juriyar mai doro ko kaɗan, gida mai yara sai an kafe ta sama sosai, kuma da yawa daga masu arahar fanel ɗaya ne tal ya haɗa wuta da komai, in ya tafi sai a canja shi ɗungurungum. Suna kuma zuwa da hasken baya a ƙure, ka shiga saiti ka rage shi zuwa wajen 60 ko 70, fitilun zasu fi daɗewa kuma ido ma zai huta.

Abun da ya fi raba gardamar a wajena wuta ce, ba kyan hoto ba. Mai doro inci 21 tana shan wajen wat 60 zuwa 90, LED inci 32 wajen 30 zuwa 50. Mu ɗauki 80 da 40, a kallon awa 6, in ka ninka wat da awa, waccan ta sha 480 wannan 240. Batirin sola na bolt 12 mai amfiya 100 a takarda 1,200 yake riƙewa a wannan ma'aunin, kuma irin na ruwa ko na jel ba a so a sha fiye da rabinsa, kaga mai doro ita kaɗai ta kusa cinye rabon dare ba a kunna fanka ba ba a yi cajin waya ba. Ƙari kuma wannan dummm ɗin da take yi wajen tashi fizgar wuta ce mai yawa lokaci ɗaya, ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Saboda haka in gidanka sola ce, ko kana shirin sawa bana ko baɗi, ni dai kar ka zuba kuɗi a mai doro, akwai ma LED da ke aiki kai tsaye da bolt 12 ba sai da inbata ba. In kuma layin gari ne ko janareto, bambancin bai kai a jefar da mai rai ba.

Masu cewa ai an koma dijital tsohuwar tibi ta daina aiki, ba haka bane. Tun da aka ƙaddamar da sauyin a Jos a 2016 dikoda ce ke kamo tasha, ita tibi nuna hoto ne nata, in dai tana da ramukan nan uku rawaya da fari da ja zata karɓi StarTimes ko GOtv ko risibar dish ta nuna maka Arewa24 lafiya lau. In sabuwar dikodar HDMI kaɗai gare ta akwai ɗan akwatin da ke juya shi zuwa waya uku. Inda zaka ji haushi ƙwallo ne, dan yanzu hoton mai faɗi ake watsawa ita kuma kusan murabba'i ce, sai ka ga an yanke maka gefen da ake rubuta ci da minti, sai ka shiga saitin dikoda ka zaɓi 4:3 mai barin baƙi sama da ƙasa, hoton kuma ya ƙara ƙanƙancewa. Ƙananan rubutu ma basa karantuwa sosai. Amma tsofaffin kaset da sidi na biki da wa'azi, wallahi a mai doro suka fi kyau, a babbar LED duk sai su farfashe. A Turai da Amurka ma masu tsofaffin gem neman irinta suke da kuɗinsu.

Ni ga yadda na yanke. Mai gidan kallon ƙwallo, da mai sola, da wanda tiyub ɗinsa ya dushe, su wuce kai tsaye wajen LED, sabuwa in aljihu ya kai, tokumbo in an zauna an gwada, filasma ta ainihi a bar ta. Wanda tiyub ɗinsa ke da haske, labarai da tafsiri da fim ne kallonsa, ga jikoki suna guje guje a ɗaki, ya gyara. Ma'aunina shi ne in kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin tokumbo LED mai lafiya a kasuwar garinku a satin nan, ko kuma karo na uku kenan ana kai ta a shekara ɗaya, a haƙura. Kuma duk wadda ka zaɓa ka haɗa mata da ɗan gad ɗin nan na soket mai jinkirta wuta in an kawo, da hadari ya taso kuma a cire wayar eriya da ta dish, ba a kashe da rimot kawai ba.

Tamu dai transista ce da fiyus da kafasita biyu da suka bushe, Baba ya bi dalmar filaibak da ta batikal ya sake narkawa tunda an riga an buɗe, ya bar ta a kunne wuni guda a shagonsa kafin yace in zo in ɗauka. Abun da na biya bai kai kwatan tokumbon da na taya ba. Mu biyu muka shigo da ita ɗakin, Hajiya ta sa aka mayar da ita kan kabad ɗinta ta shimfiɗa mata ɗan mayafin saƙan da take rufa mata, nace Hajiya ki daina rufe ramukan bayan nan in tana kunne zafi ne ke busar da kayan ciki, tace toh ta ji, ta ja shi gaba kaɗan, sannan tace a miƙo mata rimot ɗin, wanda har yau a ledarsa yake ɗaure da kyauro.